Daɓen da Na Zuba a Lambun Pawlina

Laraba, 19 ga Yuni, da hantsi

Ta haihu! Mace ce! Tegan, matar ɗana Damien, ta sauka lafiya da asubar nan, ni Wenzu na zama kaka. Sai da na rubuta wannan sannan na koma sama na sa kwanan wata. Malama Pritchard, wadda ta koya mini karatu a ajin yamma ina da shekara arba'in da 'yan kai, cewa take a fara da kwanan wata, sai yanayin gari, sannan labari. Ta yi haƙuri. Gari akwai sanyi.

Na ɗauke ta. Ba ta fi zomo biyu nauyi ba. Matata Pawlina ta ce hancin danginsu ne, na ce Allah ya sawwaƙe, ta take mini ƙafa a gaban nas. Sunanta Marli. Na yi ta maimaita shi a mota don kada bakina ya karkatar da shi.

Laraba ɗin dai, da yamma

Labari na biyu a rana ɗaya. Muna hanyar gida rediyo ya ce za a gina tashar wutar lantarki ta nukiliya a kwarinmu, a filin tashar kwal ɗin da na yi wa aiki har na tsufa, inda Damien yake aikin lantarki yanzu. Kowa ya san nan da 'yan shekaru za a rufe ta kwal. Shi ya sa tun bara Damien yake zancen komawa Yamma, wajen masu haƙar ƙarfe, can bayan birnin Perth. Tafiyar jirgin sama ce ta rabin yini. In ya tafi, da Marli zai tafi.

Yanzu kuwa babu dalilin tafiya. Na tsaya gefen titi na rungumi sitiyari.

Pawlina ta ce, "Kai tsoho, cewa ɗan siyasar ya yi in jam'iyyarsu ta ci zaɓe."

Na ce, "Haka manya suke magana, don ladabi."

Ta ce, "Tuƙa mu gida, ƙafata ta daskare."

Juma'a, 21 ga Yuni, da safe

Ni na san yadda ake gina tasha. Lokacin da muka sauka daga jirgin ruwa daga Malta ina saurayi, gwamnati ta ce za ta gina, shekara na zagayowa muka ga hasumiya tana tashi. Maza suka cika gari har gado ɗaya mutum biyu ke haya, mai aikin dare ya tashi mai aikin rana ya kwanta. Duk wanda yake da ɗaki a lokacin ya tsaya da ƙafarsa.

To zan yi ɗaki biyu a filin baya. Ma'aikata su kama haya, abin da ya shigo na Damien ne, ya riƙe shi daga rufe waccan zuwa buɗe wannan. Wurin da ya isa kawai shi ne lambun Pawlina.

Ta tafi gidan Damien za ta yi mako tana taya Tegan. Na ce mata ina da wata shawara a kan filin baya. Ta ce, "Yi abin da ka ga dama," tana neman makullin mota. Ni dai na tambaya.

Litinin, 24 ga Yuni, da azahar

Na tuge waken lambun. Ya riga ya fara fure. Tafarnuwar na zuba a bokiti.

Asabar, 29 ga Yuni, da la'asar

An zuba daɓe. Yadda muka saba tun da: ka kira motar kankare, ka kira abokanka, ka gasa tsiran nama, ka ajiye katon ɗin giya, ba wanda zai yi maka zancen lada. Tsofaffi huɗu muka taru, gwiwa mai lafiya ba ta kai uku ba. Stavros, abokina Bagirke da muka yi aikin tukunyar tururi tare, ya zo da baronsa da bakinsa.

Ya ce, "Wenzu, wa zai kwana a nan ɗin?"

Na ce, "Injiniyoyi."

"Waɗanne? Waɗanda ke ajin renon yara yanzu?"

"Tura baro, ɗan Girka."

"Ina turawa. Ni dai ka sa mini suna a jikin daɓen, in Pawlina ta kashe ka a san da wa aka yi."

Sanyi ya sa kankaren ya ƙi kamawa da wuri, muka yi ta shafe shi har rana ta faɗi. Ya yi kyau. Ko ƙwallo ka ajiye ba zai gangara ba. Na rufe shi da leda saboda raɓa.

Marli ta kwana goma. Na je na gan ta jiya. Ban ce wa kowa komai ba, so nake su gani da idonsu.

Lahadi, 30 ga Yuni, bayan coci

Pawlina ta dawo. Ta gani.

Litinin, da yamma

Burodi da cuku na ci.

Talata, da yamma

Burodi da cuku. Ta ɗauki bokitin tafarnuwar ta shige da shi ɗakin wanki ta rufe ƙofa.

Asabar, 6 ga Yuli, da safe

Jiya aka jiƙa kan jaririya a kulob. Al'adar nan ce, uban yarinya ya saya wa kowa zagayen farko na giya, sauran maza su bi da nasu. Na sa rigar da nake zuwa biki. Damien ya ɗaga kofi ya ce, "Marli," kowa ya ce, "Marli." Har nan lafiya lau.

Sai na buga tebur na ba da labarin daɓen, da injiniyoyin, da hayar. Na zaci za a tafa. Wasu sun tafa. Damien ya ajiye kofinsa.

Ya ce, "Baba, lambun Mama ka rufe?"

Na ce, "Don kai na yi."

Ya ce, "Ko gobe suka ci zaɓe, sai an canja doka tukuna, don yanzu ma doka ba ta yarda da ita ba. Sai a yi zane, sai a nemo masu kuɗi. Shekara goma sha biyar in an yi sauri. Tamu ta kwal kuma sauranta kaɗan. A tsakani me zan ba Marli, kankare?"

Daga nan ya faɗa, a gaban kowa, cewa kamfanin Yamma ya ba shi aiki, suna jiran amsarsa ƙarshen wata.

Na ce wani abu. Ba zan rubuta shi ba. Malama Pritchard ta ce abin da ka rubuta ya zauna.

Ya biya zagayensa ya fita. Giyar da ya saya mini tana nan a tebur na baro ta.

Lahadi, 7 ga Yuli

Ba su zo cin abincin rana ba. Pawlina ta dafa zomo ta kai musu can. Ta bar mini romo.

Laraba, 10 ga Yuli, da hantsi

Daɓen ya bushe sarai. Na cire ledar. Na zauna a kai da kujera. Sanyi.

Juma'a, 12 ga Yuli, da safe

Jiya an yi taro a zauren gari a kan tashar. Na tafi da biro da gilashina, na zauna a gaba don in fahimta da kaina, kada wani ya fassara mini.

Wani mutum mai farar riga ya fara. Ya ce gaskiya ne ginin akwai tsada, amma kamar sayen gida mai kyau ne, ka sha wuya da fari, jikokinka su ci moriya. Ya ce tasha irin wannan tana shekara sittin ko fiye tana ba da wuta dare da rana, ko akwai iska ko babu, ko rana ta fito ko ba ta fito ba. Ya ce wayoyin da za su kai wutar birni suna nan a kafe tun zamaninmu. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Na tafa har hannuna ya yi zafi.

Sai wata mata mai gajeren gashi ta tashi. Ta ce a wasu ƙasashen da suka saba da aikin ma, an fara gini da farashi ɗaya an gama da ninkinsa, an kuma makara da shekaru. Ta ce mu ba mu taɓa gina ko ɗaya ba. Ta ce bashin da za a ci yana haihuwa tun kafin a kunna ƙwan lantarki ɗaya, kuma ko a takardar wuta ko a haraji, aljihunmu ne zai biya. Ta ce sola da fankokin iska da manyan batura sun fi sauƙi, sun fi saurin tashi. Ita ma na yarda da ita. Na tafa. Matar da ke kusa da ni ta dube ni.

Mai farar riga ya ce lissafinta bai sa kuɗin sababbin wayoyi da ajiyar wuta ba. Ta ce ya sa. Ya ce bai sa duka ba. Duk biyun biliyan suke kira, kamar yadda nake kiran wake. Na rubuta lambar farko, sifilin ya fita daga layi, na bari.

Na ɗaga hannu. Na ce, "Ni Wenzu Cauchi, tukunyar tururi, na yi ritaya. Yaushe za a fara ɗaukar ma'aikata?"

Mutumin ya yi magana mai tsawo mai daɗi. Matar ma ta yi. Da na zauna na duba takardata, babu wata, babu shekara.

A waje Stavros ya ce, "To, Farfesa, wa ya ci?"

Na ce, "Duk sun yi gaskiya."

Ya ce, "'Yata ta cika rufinta da sola, kuɗin wutarta bai fasa hawa ba. Ni duk ban yarda da su ba. Amma ni ban kira ɗana matsoraci a kulob ba."

Ban hau motarsa ba. Da ƙafa na dawo.

Asabar, 13 ga Yuli

Shekara goma sha biyar. Marli za ta fara koyon tuƙi ke nan. Ni kuma, to.

Amma ai wancan karon da suka ce za su gina, sun gina. Na gani da idona. Me ya canja? Kankare dai kankare ne, ƙarfe ƙarfe ne. Stavros ya ce da gwamnati ce mai tashar, yanzu kowa sai ya tambayi banki. Ban gane yadda banki ya san zancen tururi ba.

Lahadi, 14 ga Yuli

Ba su zo ba.

Talata, 16 ga Yuli, da azahar

Na wuce ta ƙofar gidansu sau biyu. Motar Damien tana nan. Tayar baya tana son iska. Na so in tsaya in gaya masa.

Alhamis, 18 ga Yuli, da la'asar

Tegan ta zo da Marli, ita kaɗai. Ta miƙo mini ita tun daga ƙofa ta ce, "Nannu, karɓi kayanka, hannuna ya mutu." Nannu, haka jikoki suke kiran kaka namiji a wajenmu. Ba wanda ya taɓa kira na haka. Ta ƙara nauyi. Ta riƙe babban yatsana, wanda injin ya lanƙwasa, ba ta ji ƙyama ba.

Muka zauna a kicin, Pawlina tana juya mana baya tana yanka albasa. Tegan ba ta da zagaye-zagaye.

Ta ce, "Ni ba na son Perth. Ban san kowa ba a can. Kamfanin ya ce ko mu koma gaba ɗaya, ko shi ya riƙa zuwa a jirgi, mako biyu can, mako ɗaya gida. Amma ni kaɗai da jaririya mako biyu, ga haya? Mai gidanmu ya ƙara mana kuɗi."

Na ce, "A wannan garin? Da wane dalili?"

Ta ce, "Wai nukiliya na zuwa, gari zai cika da injiniyoyi, gida zai yi daraja."

Na ce, "Ɓarawo! Ko bulo ɗaya ba a ajiye ba! A kan maganar rediyo zai..."

Wuƙar Pawlina ta tsaya. Ba ta juyo ba. Tegan ta dubi taga, wajen daɓen, ta cije leɓe don kada ta yi dariya.

Na ce Marli tana son a canja mata.

Juma'a, 19 ga Yuli

Wata ɗaya cif da haihuwarta. Saura kwanaki ya ba su amsa. Ban san abin da nake roƙo a coci ba yanzu. A gina? Kada a gina? In an gina haya ta kore su, in ba a gina ba rashin aiki ya kore su. Na kunna kyandir na ce Ubangiji ya zaɓa, shi ya iya lissafi.

Lahadi, 21 ga Yuli, da safe

Na leƙa taga na ga Pawlina a kan daɓen da silifas, tana takawa tana ƙirga ƙafa. Na fita da kofin shayi biyu. Ta karɓi ɗaya. Rabon da ta karɓi abu daga hannuna tun watan jiya.

Ta ce, "Nan gadona. Nan kicin, taga ta kalli gabas. Nan kujerarka, can nesa da ni."

Na ce, "Injiniyoyin fa?"

Ta ce, "Wenzu, kai da ni ne injiniyoyin. Mu koma nan, yara su karɓi gidan. In ya tafi mako biyunsa, yarinyar nan tana da mu a bayan taga."

Shekara hamsin ina cikin gidan nan. Ni na yi matakalar ƙofar da hannuna.

Ta ce, "Kuma filin gaba, inda kake wanke motarka, za ka fasa simintin ka zuba mini ƙasa. Wakena na nan dawowa."

Na ce to.

Ta ce, "Kuma ba ni zan gaya masa ba. Bakin da ya ɓata shi zai gyara."

Litinin, 22 ga Yuli

Na sa takalmi. Na cire.

Talata, 23 ga Yuli, da yamma

Na jira shi a bakin ƙofar tasha lokacin tashin masu aikin rana. Tururi na tashi daga hasumiya kamar kullum, kamar ba abin da zai same ta. Ya gan ni, ya rage tafiya, ya zo.

Na ce, "Tayarka ta baya tana son iska."

Ya ce, "Na sani."

Na ce, "Mamarka ta ce ku karɓi gidan, mu mu koma baya." Na bayyana masa duka, ina kallon takalminsa. Na ce, "Wanda ya bar garinsu don ya ciyar da iyali, ni ne mutum na ƙarshe da ya kamata ya ce masa wani abu. Da jirgin ruwa na zo."

Sai ya ce, "Daɓen nan, ka binne bututun wayar wuta kafin ka zuba?"

Na ce, "Wane bututu?"

"Na ruwa fa? Na bayi?"

Na koma kallon takalminsa.

Ya ce, "Baba. Ka gina wa ma'aikatan nukiliya ɗaki, ba ka bar wa wuta hanyar shiga ba?"

Na ce a zamaninmu ta sama ake jawo waya. Ya fara dariya, ya jingina da mota, har hawaye. Abokan aikinsa suna wucewa suna tambaya, yana nuna ni, ya kasa magana. Na tsaya ina shan kunya, amma ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya kamar yau ba.

Ya ce takardar izini fa, daga ƙaramar hukuma? Na ce ranar Asabar aka zuba, ofis a rufe yake. Ya ce in shiga mota.

Asabar, 27 ga Yuli, da la'asar

Ya zo da injin yanka kankare. Daɓena mai santsi, ya tsaga shi gida uku. Na riƙe masa tiyon ruwa, na kau da kai. Stavros ya zauna a kujerata yana cin tsire yana ba da umarni.

Ya ce, "Ka ga, Wenzu, ashe matar nan ta taro gaskiya ta faɗa. Ko naka ɗan aikin ya ninka farashi, ya makara, ba a kunna ƙwai ɗaya ba."

Na ce, "Mutumin ma gaskiya ya faɗa. Jikata ce za ta ci moriya."

Damien ya kashe injin ya ce duk mu yi shiru ko mu karɓi shebur.

Tegan ta je ofis. Sun ce sai injiniya ya duba, kuma akwai tara. To ga injiniya ɗaya dai zai zo gidana.

Laraba, 31 ga Yuli

Ya ba su amsa. Mako biyu can, mako ɗaya nan. Ban yi murna ba, ban yi baƙin ciki ba. Na yi duka biyun. Na je na ba zomayena abinci sau biyu.

Rediyo har yanzu suna yi. Yau wani ya ce wuta za ta yi arha, wani ya ce za ta yi tsada. Pawlina ta murɗa zuwa tashar waƙa. Ni har yanzu ban sani ba ko za a gina, ko ya kamata a gina. Wataƙila Marli ta gaya mini, in na kai.

Asabar, 3 ga Agusta, da yamma

Sun tare! Kafin a gama ɗakin baya, Tegan da Marli suna tsohon ɗakin Damien, mu muna namu, akwatuna har cikin falo, ba inda za ka taka. Damien zai tashi Litinin. Ɗazu na same shi a tsaye kan gadonta yana kallonta, na ja ƙofar a hankali na bar su.

Da hantsi ina riƙe da ita a bakin taga, ina nuna mata tsagaggen daɓen kakanta, sai ta dube ni ta yi murmushi. Pawlina ta ce iska ce a cikinta. Ƙarya ne. Ni ta yi wa.

Na sa rigar biki na tafi kulob, na buga tebur ɗin nan dai. Stavros ya ce, "Wayyo, wane lambun kuma?" Na ce zagayen nan nawa ne, kowa ya ɗaga kofi. Na ce, jama'a, masu son nukiliya da masu ƙinta da irina da ba su gane ba, gobe bayan coci ƙofata a buɗe take. Akwai zomo, akwai shebur ga mai ƙarfi. Jikata tana gidana, a ɗakin da ke kusa da nawa, ina jin numfashinta ta bango. Ku zo da matanku, ku wanke hannu, kada wanda ya yi mini tari a kanta. Ku zo dukanku ku ga Marli!